A bar Luther a tsaye, a sauke aladen

A tsakiyar kasuwar Wittenberg, wani ƙaramin gari a bakin kogin Elbe a gabashin Jamus, akwai mutum na tagulla tsaye ƙarƙashin rumfar ƙarfe. Doguwar rigar wa'azi ce a jikinsa. Ya buɗe littafi ya juyo da shi wajen masu wucewa, hannunsa a kan shafin, kamar malamin da ke ce wa ɗalibi matso ka duba da idonka. Martin Luther ke nan, kuma tun 1821 yake wurin. Ranar da na tsaya gabansa ana yayyafi, 'yan makaranta sun raɓe a gindinsa suna cin burodi, ba wanda ya ɗaga kai ya dube shi. Ni kuwa hawaye ne ya cika mini ido.

Kakata na tuna. A cocin LCCN na tashi, wato cocin Lutheran na Najeriya mai bin koyarwar Luther, a ƙasar Adamawa, cocin da ya samo asali daga aikin mishan na mutanen Denmark tun zuwan likita Niels Brønnum Numan a 1913. Kakata ba ta yi boko ba. A ajin manya na coci ta koyi karatu, da goyo a bayanta, don kawai ta karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa da kanta. Har yanzu ina ganin ta bayan magariba a kan tabarma, aci-balbal a gefe, tana bin layi da yatsa, leɓenta na motsi. In ta ci karo da kalma mai wuya sai ta ƙwala mini kira: "Zo nan, maigidana, wannan me ya ce?" In fasto ya yi wa'azin da bai kwanta mata ba, ba ta musu a coci. Gida za ta dawo ta nemo wurin ta karanta, ranar Litinin ta tare shi a hanya da littafin ƙunshe a ɗankwali. Ba ta san inda Jamus take ba. Amma wannan ƙarfin halin da tsohuwa za ta ce wa limami "bari in duba tukuna" daga kasuwar nan ya taso, ya yi shekara ɗari huɗu a hanya kafin ya iso tabarmarta. Don haka abin da zan faɗa, ɗan gida ne ke faɗa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da yawa a wajenmu in an ce Martin Luther, Martin Luther King na Amurka ke faɗo musu a rai. Wancan sunan wannan ya ci. Shi na asalin an haife shi a Eisleben a 1483, limamin Katolika ne mai zaman zuhudu, kuma malamin tauhidi a jami'ar Wittenberg. A zamaninsa coci na sayar da takardun sassauci: ka ba da kuɗi, a ba ka takarda cewa an rage maka azabar zunubi, ko an rage wa mamacinka. Wani mai wa'azi, Johann Tetzel, yana yawo da akwatinsa a garuruwan kusa, mutanen Wittenberg na tsallaka iyaka su sayo. Wani kaso na kuɗin na ginin babban cocin Bitrus ne a Roma, wani kason kuma Albrecht, babban bishop na Mainz, ke biyan bashin da ya ciwo wurin attajiran gidan Fugger don ya sami kujerarsa. Talakan da ya sayar da abin hannunsa don ya ceci uwarsa a lahira bai san da wannan lissafin ba. Ranar 31 ga Oktoba 1517 Luther ya aika wa Albrecht batutuwa 95 yana neman a zauna a yi muhawara. Masu injin buga littafi suka ɗauka, kafin a ankara magana ta game ƙasa. Fafaroma ya kore shi daga coci a Janairun 1521. A Afrilun shekarar aka tsayar da shi a Worms gaban Sarki Charles na Biyar, aka jibge littattafansa a kan tebur, aka ce ya janye. Ya roƙi kwana guda ya yi tunani. Washegari ya ce lamirinsa kamamme ne ga maganar Allah, kuma saɓa wa lamiri ba daidai ba ne, ba shi kuma da aminci. Ya san abin da ya sami Jan Hus, wani limami da ya riga shi sukar coci, wanda aka ƙone da ransa a Konstanz a 1415 da takardar aminci a hannunsa.

Duk da haka, in aka tambaye ni abin da ya sa ya cancanci tagulla, aikin da ya yi a ɓoye zan fara ambata. Bayan Worms, Yarima Frederick na Saxony ya sa aka ɗauke shi a hanya aka kai shi Wartburg, wani gidan sarauta a kan dutse. Ya bar gemu, ya sauya suna, ya zauna. Cikin kimanin mako 11 ya juya Sabon Alkawari daga Girkanci zuwa Jamusanci. Fassarar ta fito a Satumban 1522, cikakken Littafin kuma a 1534. Akwai fassarorin Jamusanci kafin tasa, amma Latin suke bi ƙafa da ƙafa, irin Jamusancin da ba mai yin sa a gida. Shi kuwa a 1530 ya rubuta cewa ba haruffan Latin za a tambaya yadda ake Jamusanci ba. Uwa a ɗaki za a tambaya, da yara a kan titi, da talaka a kasuwa, a dubi bakinsu yadda suke magana, sannan a fassara. Duk wanda ya taɓa zama gefen tsoho yana juya masa takardar asibiti ko ta kotu, yana ganin fuskarsa na sakewa a hankali yayin da abin ke shiga, ya san nauyin wannan magana. Musulmin da ya ga mahaifiyarsa ta buɗe tarjamar Alƙur'ani ta Sheikh Abubakar Gumi shi ma ya san ta. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, shi ne wanda kakata ta karanta har bangonsa ya ɓalle.

Daga gindin mutum-mutumin zuwa cocin gari tafiyar minti biyu ce, hasumiyoyinsa biyu ma suna leƙo kasuwar ta saman gidaje. A cikinsa Luther ya yi wa'azi shekara da shekaru. Mai yi mana jagora ta zagaya da mu bayan ginin, ta nuna sama, ba ta ce uffan ba. A jikin bango, kimanin mita huɗu daga ƙasa, an sassaƙa alade mace a dutse. Wasu mutane masu irin hular da ake gane Yahudawa da ita a wancan zamani suna tsotson nononta. Wani, wai malaminsu ne, ya ɗaga wutsiyarta yana leƙa ƙarƙashi. Tun wajen 1290 abin yake wurin, wato ya girmi Luther da kusan shekara 200, ba shi ya sa aka yi ba. Amma ya gan shi, ya yi masa daɗi, ya kawo shi cikin wani littafi a 1543, ya ce daga ƙarƙashin wutsiyar nan malaman Yahudawa ke samo sunan Allah mai girma da suke jin nauyin furtawa. A 1570, bayan mutuwarsa, aka ɗauko kalmomin taken littafin aka rubuta a saman dutsen. Mu da muke gida ɗaya da Musulmi ba sai an yi mana bayanin abin da alade yake nufi ga wanda addininsa ya haramta masa shi ba. Na tsaya nan wuyana ya ƙage, cikina ya juya.

A wannan shekarar ta 1543 ya fitar da wani dogon littafi wanda tun daga takensa ya kira Yahudawa maƙaryata. A ciki ya ba sarakuna shawara guda bakwai. A cinna wa majami'unsu da makarantunsu wuta. A rushe gidajensu. A ƙwace littattafan addu'arsu. A hana malamansu koyarwa, wanda ya ƙi a bakin ransa. A janye musu kariya a kan hanya. A karɓe kuɗinsu da zinariyarsu. A danƙa wa samarinsu gatari da fartanya su ci guminsu. Ba zafin ƙuruciya ba ne, yana da shekara 59 a lokacin. Shekara 20 kafin nan, a 1523, shi ne ya rubuta cewa Yesu Bayahude aka haife shi, ya ce a bi da Yahudawa da kirki. Ashe kirkin na jiran su bar addininsu ne. Da suka ƙi, ya juye musu gaba ɗaya. 'Yan kwanaki kafin ya rasu a Eisleben a Fabrairun 1546, yana kan mumbari yana cewa a kore su in ba su tuba ba.

Magana zarar bunu ce. Daren 9 ga Nuwamba 1938 zuwa wayewar 10, 'yan Nazi suka banka wa majami'un Yahudawa wuta a faɗin Jamus. Ranar 10 ga Nuwamba ce ranar haihuwar Luther. Bishop Martin Sasse na cocin Thuringia ya tattara maganganun 1543 ya buga su cikin ƙaramin littafi, yana murna a gabatarwa cewa a ranar haihuwar Luther majami'u na ci da wuta. A shari'ar Nuremberg a 1946, Julius Streicher, mai jaridar da ta shekara fiye da ashirin tana zagin Yahudawa, ya ce wa alƙalai, da a ce masu gabatar da ƙara sun duba littafin Luther na 1543, da Luther ne zaune a kujerar da yake. Ban yarda da masu cewa Luther ya haifi Hitler ba. Ƙarni huɗu ke tsakaninsu, ƙiyayyar 'yan Nazi ta jini ce da asali, kuma da Luther da babu shi sun sami abin fakewa. Amma wanda ya tara busasshen kara ya jingina a jikin rumbun maƙwabci ba zai wanke hannu ba don wani ne ya ƙyasta ashana.

Akwai kuma manoma, kuma ni ɗan manomi, wannan ta fi ci mini rai. A Maris na 1525 manoman kudancin Jamus suka taru a Memmingen suka rubuta buƙatu 12. A bar su su zaɓi limaminsu. A daina riƙe su kamar kayan mai gona, tunda Almasihu ya fanshi makiyayi da sarki da jini ɗaya. A bar su su kama kifi a rafi, su yi itace a dajin gari. A gefen buƙatun suka jera ayoyi. Sun yi abin da ya ce su yi ke nan: sun buɗe littafin sun karanta. Da fari ya ga laifin sarakunan, ya faɗa musu a rubuce cewa zaluncinsu ne ya jawo. Da tarzoma ta ɓarke aka fara ƙona gidajen sarauta, sai ya rubuta cewa duk mai iko ya buge su, ya soke su, ya kashe su, a ɓoye ko a fili, kamar yadda ake kashe mahaukacin kare. A Frankenhausen, ranar 15 ga Mayu 1525, aka karkashe dubbai a wuni ɗaya. Kafin abin ya lafa dubun-dubata sun tafi. Shi kansa jikan manoma ne.

To, me za a yi da mutumin tagullan? Tambayar ba ta banza ba ce a zamanin da aka sauke mutum-mutumin Cecil Rhodes, ɗan mulkin mallaka, daga jami'ar Cape Town a 2015, aka kuma jefa na Edward Colston, dillalin bayi, cikin ruwa a Bristol a 2020. Na yi farin ciki da duka biyun. Amma Colston, alherin da aka karrama shi dominsa da kuɗin cinikin mutane ya yi shi, karramawar da laifin tushensu ɗaya. Mutumin Wittenberg littafi yake nunawa, kuma littafin nan da gaske ya buɗe shi ga talaka. In aka sauke shi, an sauke har da abin da ya kai kakata ajin manya. Ra'ayina a bar shi.

Sai dai a daina barin sa shi kaɗai da tsabtarsa. A tuna wanda ya kafa shi. Wata ƙungiya a yankin Mansfeld ce ta fara tara kuɗin, suna so a kafa shi a ƙasarsu. Wittenberg ta faɗa hannun Prussia a 1815, Sarki Friedrich Wilhelm na Uku ya ce a nan za a yi, aka aza harsashi a 1817. Johann Gottfried Schadow ya ƙera mutumin, Karl Friedrich Schinkel ya tsara rumfar. Sarki gwarzo yake nema wanda zai haɗa masa kan sababbin talakawansa, kuma mai neman gwarzo ba ya tono tabo. Abin da aka rubuta a gindin duk kalmomi ne masu daɗin ji, ciki har da cewa in aikin Allah ne zai dawwama, in na mutum ne zai rushe. Ba manomi a wurin, ba Bayahude. Wasu limaman coci a Jamus sun taɓa ɗaure wa mutum-mutumin Luther ido da ƙyalle a ranar tunawa da ƙone-ƙonen 1938, don nuna makantarsa. Na ji daɗin abin, amma ƙyalle kwance shi ake yi. Abin da nake so, allo na dindindin a gefen gindin, daidai tsayin idon yaran nan masu cin burodi, ɗauke da kalmominsa na 1525 da na 1543 yadda ya rubuta su, ba a tace ba, ba a yi musu kwaskwarima ba. A ƙarƙashi a sa abin da majalisar cocin Furotesta ta Jamus ta faɗa a Bremen a 2015, inda ta nisanta kanta daga maganganunsa kan Yahudawa.

Wannan ma hanyarsa ce. A 1522, yana ɓoye a Wartburg, mabiyan abokin aikinsa Andreas Karlstadt suka shiga fasa siffofi a cocin Wittenberg. Ya sauko a watan Maris, ya yi kwana takwas yana wa'azi, ya ce da magana ake gyara, ba da ƙarfin hannu ba. A shekarar ce kuma ya roƙi mutane su daina kiran kansu da sunansa, su ce su Kirista ne kawai, ya kira kansa buhun tsutsa mai wari. Ko da Alƙur'ani haka ya yi. Ya rubuta munanan maganganu kan Musulunci a shekarun da sojojin Daular Usmaniyya suka kai ga ƙofar Viyana a 1529, maganganun da ba zan maimaita ba. Amma da hukumar birnin Basel ta kama bugun Alƙur'ani na Latin a 1542, shi ya rubuta mata cewa a sake shi, aka fitar da shi a 1543 da gabatarwarsa. Ba don ƙauna ya yi ba, so yake a karanta a yi raddi. Duk da haka bai yarda a ɓoye wa mutane rubutu ba. Mutumin da ya tsaya a kan haka, da wane dalili za mu ɓoye nasa?

Aladen kuwa daban ne, kuma a nan na saɓa da kotun Jamus da dattawan cocin. A 1988 aka kafa wani faranti na tagulla a ƙasa, daidai ƙarƙashin sassaƙen, don tunawa da Yahudawa miliyan shida da aka hallaka. Wani dattijo Bayahude ya kai ƙara yana neman a cire dutsen. Ranar 14 ga Yuni 2022 babbar kotun tarayya ta ce a bar shi, wai farantin da allon bayani sun mai da zagin ya zama gargaɗi. Kwamitin masana da cocin ya kafa ya ba da shawarar a sauke, amma a Oktoban shekarar majalisar cocin ta ce yana nan. Hujjarsu na gane ta: in aka cire tabo, sai a manta an ji ciwo. Amma ku ɗauka wani ya zana zagin uban maƙwabcinka a katangar gidanka, sai ka kafa allo a ƙasa cewa wannan zagi ne, mun yi nadama, ka bar zanen. Maƙwabcin kullum ta nan zai wuce. Mutum-mutumin Luther yana da alherin da za a ɗora a ɗaya gefen sikeli. Dutsen nan ba shi da komai sai wulakanci, don shi aka sassaƙa shi. Kuma bangon gidan ibada wa'azi yake yi ko ba kowa a ciki. A sauke shi a kai gidan tarihi, wanda yake son gani ya je da ƙafarsa, a bar gurbin a fili a bangon don a riƙa tambaya me ya kasance a nan.

Wani zai ce ina ruwan ɗan Adamawa da katangar Jamusawa. A Mayun 2017, shekarar da batutuwan nan 95 suka cika shekara 500, aka zaɓi Akbishop Musa Panti Filibus na LCCN shugaban Tarayyar Lutheran ta Duniya a Windhoek ta Namibiya. Manyan cocin Lutheran mafi yawan jama'a yau har da na Habasha da na Tanzaniya. Gadon ya dawo hannunmu, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mu kuma muna zaune a ƙasar da wa'azi guda, a coci ko a masallaci, kan iya tayar da unguwa kafin la'asar. Numan kanta ta ga jini fiye da sau ɗaya. Shawarwari bakwai ɗin nan ba baƙi ba ne a kunnenmu. Mun ji irinsu da Hausa, daga bakin masu riƙe da littafi mai tsarki a hannu, namu da na maƙwabtanmu, mun kuma ga hayaƙin.

Da na dawo na faɗa wa wani dattijon cocinmu cewa zan karanta wa ajin matasa wannan a makon tunawa da Gyaran Ekilisiya, ƙarshen Oktoba. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Ɗana, ba a tona asirin uba a kasuwa." Na ce, "Baba, shi ya kai kansa kasuwa. Bugawa ya yi aka sayar." Ya ce yaran za su yi sanyi da coci. Na ce, "Baba, yana cikin wayarsu. In ba mu muka faɗa musu ba, ranar da suka gani da kansu za su ce me kuma muka ɓoye?" Bai ce na yi daidai ba, bai kuma hana ni ba. Hularsa ya gyara ya ce Allah ya ba da sa'a.

Na karanta musu. Na fara da Worms da Wartburg, suka yi ta murmushi, sun san wannan tun ajin katekisim. Da na shiga manoma aji ya yi tsit. Da na kai shawara ta huɗu, wani yaro a baya ya sunkuyar da kai. Bayan na gama wata yarinya 'yar aji biyar na sakandare ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to me ya sa muke ɗauke da sunansa?" Na gaya mata cewa shi kansa ya roƙa kada a ɗauka, na ba ta labarin kakata da aci-balbal, na ce mata sauran amsar ni ma ina kan neman ta. Ba ta gamsu ba, na gani a fuskarta. Da aka tashi ta biyo ni har gindin darbejiya inda na jingina babur, ta ce in ba ta aron takardun, za ta dawo da su ranar Lahadi.